Giwan Ruwa da Ya Haɗiye Labarin Gida

An yi wani Giwan Ruwa da masunta suka kamo daga gulbi tun bai wuce tsawon yatsa ba. Wani mai sha'awar kiwon manyan kifaye, Malam Barmo, ya saye shi, ya gina masa tafkin siminti a bayan gida. Kullum da hantsi sai ya juye masa bokitin ƙananan kifaye masu rai. Giwan Ruwa ya ci ya ƙoshi, har ya kai tsawon taɓarya.

Duk da haka kewar gida ba ta bar shi ba. Da ya ɗan miƙe iyo sai hancinsa ya daki bango, ya juyo, ya sake dukan wani. Abin da yake iya tunawa na gulbi kaɗan ne: sanyin ruwa mai gudu, da wata inuwa da ya manta ko ta mece ce.

Rannan aka juye bokiti, sai ga wata tsohuwar Karfasa a ciki. Ya buɗe baki zai haɗiye ta, ta yi ihu, "Tsaya, ranka ya daɗe! Ba kai ne ɗan Giwar Gindin Giyayya ba? Ga zanen gidanku nan a gefen ido!"

Ya tsaya cak. "Kin san gulbinmu?"

"A can na tsufa. Shekaranjiya komar masunta ta kwaso ni."

Ashe inuwar nan ta bishiyar giyayya ce! Daga ranar ya ƙyale ta. Kowace la'asar takan ba shi labarin ambaliyar damina, da yadda ake bin sabon ruwa cikin fadama, da 'yan'uwansa bakwai da suka girma suka zama abin tsoro. Shi kuwa ya lafe a ƙasa yana saurare, har ya ji kamar ruwan tafkin ya fara tafiya.

Akwai wani Kwaɗo mai tsiwa da ke zama a kan bangon tafkin. Yakan ce, "Iya Karfasa, ki riƙa ba da labarinki daga nesa. Wannan ba ya gane ɗan'uwa in cikinsa ya yi kuka."

"Rufe mana baki, mai idon gululu!" in ji Giwan Ruwa. "Ni da ake kawo wa abinci har gida, me zan yi da ƙashin tsohuwa?"

Wata safiya Malam Barmo ya tafi ɗaurin aure. Hantsi ya yi, ba bokiti. Azahar ta yi, shiru. Giwan Ruwa bai taɓa jiran abinci ba, sai ya hau zagaye yana dukan ruwa da wutsiya.

"Yi haƙuri, ɗana, yunwar wuni ɗaya ba ta kisa," in ji Karfasa. "Zo in faɗa maka abin da mahaifiyarka ta yi ranar da aka kama ka. Ta bi jirgin masuntan nan, tana..."

"Ni za ki koya wa haƙuri?" Ya zabura, ruwa ya yi tsiri. Kafin ya san abin da ya yi, Karfasa ta wuce maƙogwaro.

Ko la'asar ba a yi ba sai ga Malam Barmo da bokiti cike fal.

Giwan Ruwa bai ci ba. Ya bi sababbin kifayen da aka juye ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, "Wa ya fito daga gulbi a cikinku? Wa ya san Gindin Giyayya?"

Suka ce, "Mene ne gulbi, ranka ya daɗe? Mu a cikin tanki aka ƙyanƙyashe mu."

Ya ɗago kai wajen bango. "Malam Kwaɗo, don Allah, kai da ke da ƙafafu, je ka gulbi ka tambayo mini. Ta bi jirgin, sannan me ya faru?"

"Yau kuma na zama Malam?" in ji Kwaɗo. "Wadda ta sani tana cikinka. Tambaye ta." Ya yi tsalle ya bar gidan.

Giwan Ruwa ya yi shekaru a tafkin nan, bokiti bai sake makara ba. Ya tambayi dubban kifaye, ba a sake samun wanda ya taɓa ganin gulbi ba.

Darasin wannan labari shi ne, yara, kada yunwar sa'a ɗaya ko zafin rai su sa ku cuci wanda ke ɗebe muku kewa. Abinci ana sake kawowa, amma irin wannan aboki ba kullum ake samunsa ba.