Filas Ɗin da Yake Huci

Akwai wani bawan Allah da ya yi sa'ar 'ya'ya masu tausayi, irin sa'ar da kowane uba yake roƙo. Da ƙyar ya tsira da ransa.

Sana'arsa koyar da tuƙi. Ɗalibai suna kiransa Malam Birki, don kusan kalmar da ake ji a bakinsa ke nan. Motarsa mai birki biyu ce, ɗaya gaban ɗalibi, ɗaya gabansa, kuma ƙafarsa ta dama ta ceci katangu da masu tsallaka titi da ba su ma san an cece su ba. Duk ɗalibin da ya sauka, sai Malam ya fasa lemon kwalba mai sanyi, wai don ya wanke firgici. Ɗalibansa kuwa suna da yawa.

A ƙafar nan ƙusa ta soke shi. Ɗan ciwo ne, amma ya ƙi rufewa. Auta, wadda ita kaɗai ta rage tare da shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ta ja shi asibiti.

Likita bai yi kwana-kwana ba. "Malam, ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinka. In sugan bai sauka ba, ciwon nan ba zai warke ba. In bai warke ba, ƙafar za mu rasa. Ga magani. Lemo kuwa, ku yi sallama."

Auta ta dawo gida ta kwashe kwalaben firij, ta cika shi da ruwa. Kullum da safe sai ta wanke ciwon, ta ɗaure, ta huda masa yatsa ta auna suga. Ciwon ya fara tsotsewa.

Sai dangi suka ji labari.

Ban san wanda ya koya wa mutane cewa ba a duba mara lafiya sai da katan ɗin lemo ba, amma ya fi duk malaman lafiya samun ɗalibai. Kowa ya shigo da nasa. Auta tana karɓa, tana godiya, tana turawa ƙarƙashin gadonta.

Shi ma Babban Yaya, ɗan farin Malam, ya iso da nasa, katan biyu na baƙin lemon nan da ake cewa yana ƙara jini. Babban Yaya mutum ne mai digiri biyu da ofis mai sanyi. Ya karanta abubuwa da yawa a duniya, ban da rubutun da ke bayan kwalba.

"Ke, kawo mabuɗi. Dubi yadda Baba ya rame."

"Yaya, likita ya hana."

"Likita ya hana lemo. Wannan na ƙarin jini ne."

"Ba jini a ciki, Yaya. Suga ne, ka karanta ka gani."

"Ni za ki ce in karanta? Lokacin da nake karatu ke ko tafiya ba ki fara ba."

Malam Birki yana kwance yana kallon katan ɗin kamar wanda aka rabu da shi a tasha. "Ku bar mata," in ji shi. "Yanzu ita ce uwata."

Babban Yaya ya bar mata. Har ya canza hali, ya riƙa zuwa kowace yamma da filas ɗin shayi, ya ce ba suga ko ɗigo. Ya ja kujera, ya ce Auta ta je ta huta, za su yi hira ta maza. Auta ta ji daɗi, har ta faɗa wa ƙawarta cewa Yaya ya shiryu.

Abin da ya ɗaure mata kai, suga ya koma sama. Ta rage masa abinci, ta sake duba magani, ta zargi na'urar awo, ta zargi kanta. Ciwon da ya fara bushewa ya dawo yana ruwa.

Rannan Yaya ya fita amsa waya, ta ɗauki filas ɗin za ta zuba wa Baba. Tana murɗa murfin, filas ya yi huci: tsss. Kumfa ta biyo hannunta.

Ta tarye shi a ƙofa. "Yaya, yaushe shayi ya fara tsartuwa?"

Bai ji kunya ba. Wanda ya tabbata yana aikin lada ba ya jin kunya. "Ubana ne. Ya roƙe ni, har da hawaye. Ke ba ki da zuciya ne?"

"Ƙafarsa fa, Yaya!"

"Ƙafa ƙafa! Kwalba ɗaya ce za ta cire ƙafa?"

Aka kira Gwaggo ta raba gardama. Gwaggo ta saurari kowa, ta leƙa ƙarƙashin gadon Auta, ta ga katan-katan a jere, ta yi salati. "Au! Ashe tara su kike yi? Tsoho yana haɗiyar yawu, ke kina ajiyar kayan shago? Yarinya, ki ji tsoron Allah."

Aka yanke hukunci: Baba zai koma gidan Babban Yaya, inda za a kula da shi da tausayi. Auta ta haɗa masa magani da bandeji da na'urar awo tana kuka. Matar Yaya ta karɓi jakar ta rataye a bayan ƙofa, kuma jakar ta samu hutu sosai a can.

An kula da shi. Duk abin da ya ce yana so, an ba shi, da sanyinsa. In Auta ta zo, sai a ce yana barci. Ranar da ta ture mai aiki ta shiga, tun daga falo ta ji warin ciwon. An kunna turare, an sa masa safa.

Ita ta nemo mota. Likita ya cire safar, ya duba, sannan ya tambaya wa yake kula da shi.

"Mu duka," in ji Babban Yaya.

An yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Da Malam Birki ya farfaɗo, ɗakin cike yake da dangi. Gwaggo tana cewa ƙaddara ce. Babban Yaya yana bayanin sakacin asibitocin zamani. Tsohon ya bi su da ido har ya kai kan Auta, wadda take tsaye can bakin ƙofa.

"Uwata," ya ce, "ba ni ruwa. In an sallame ni, gidana za ki mai da ni."

Babban Yaya ya matso. "Baba, ai ɗakinka yana nan..."

"Birki," in ji Malam.

A yi wa Babban Yaya adalci, bai yi fushi ba. Shi ya sayi kujerar mai taya, kuma mafi tsada ya zaɓa. Tana da wurin ɗora kwalba.

Darasi: Ba duk mai ba ka abin da kake so ne yake tausayinka ba, kuma wanda ya hana ka yana iya zama shi kaɗai ne yake son ka. Lemon kwalba ruwan suga ne, ko wane launi aka yi masa. Ba ya ƙara jini, kuma ga mai ciwon suga ba kyauta ba ce, cuta ce. In za ku duba mara lafiya, ku tambayi mai jinyarsa me likita ya yarda da shi. Ku tura wannan labari zuwa zauren danginku na waya, musamman ga wanda ya riga ya sayi katan.