Rijiyar Honarabul Sallau

Da aka sake shata iyaka, ƙauyen Tsamiyar Kura ya faɗa sabuwar mazaɓa, mutanen gari suka yi ta murna. Abin ya ɓata wa Honarabul Sallau, ɗan majalisar tsohuwar mazaɓarsu, rai. Ya zo ya tsaya bakin rijiyar da ya haƙa musu.

Ya ce, "'Yan mazaɓata na haƙa wa rijiyar nan, ku kuwa kun fita. Ku ɗauke ta ku tsallakar mini da ita iyaka, ko in sa a rufe ta."

Tanimu ɗan garuwa, wanda da ruwan nan yake ciyar da iyalinsa, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, za mu ɗauka. Amma da ka ba mu rijiya, me muka ba ka?"

"Ƙuri'u."

"To tunda mun fita, su ma su biyo mu. Suna ina?"

"Kai malam, ana mayar da ƙuri'a ne? Ai sun zama kujerar da nake kai."

"Madalla! Kujera ta fi rijiya sauƙin ɗauka. Ka fara kawo mana ita, mu kuma bari mu naɗa gammo."

Jama'a suka fashe da dariya. Honarabul ya ce ai wasa yake yi, ya shige motarsa.