Lagireton Motar Alhaji Tanimu

An ce wai a Nguru an yi wani attajiri, Alhaji Tanimu, mai wata jar mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere, wadda ya saya tun yana saurayi. Don ƙasar sanyi aka ƙera ta, shi ya sa da bazara ta kama sai lagiretonta ya tafasa, tururi ya turnuƙe ta a tsakiyar hanya. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya kira 'ya'yansa biyu, Sallau da ƙanwarsa Kubura, ya ce, "Motar nan taku ce ku biyu. Kada ku sauya mata komai, kada kuma ku bar ta ta kwanta."

Bayan rasuwarsa Sallau ya lulluɓe motar da tampol, ya hana kowa taɓa ta, har tayoyinta suka sace, kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinta. Kubura, wadda a cikin motar uban ya koya mata tuƙi, ta kasa jure ganin haka. Ta sa aka ja ta zuwa gareji, aka cire tsohon lagireton aka ɗaura babba, aka ƙara fanka mai aiki da lantarki, aka sake famfon ruwa. Ta tuƙa ta da rana tsaka har gonar ubansu ta dawo, injin bai yi zafi ba.

Sallau ya kai ƙara gaban alƙali, Malam Zubairu, ya ce ƙanwarsa ta karya wasiyya.

Alƙali ya tambaye ta. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, na sauya, ban ɓoye ba, kuma ba zan mayar ba. In an kwance yau, gobe in sake ɗaurawa. Mota Baba ya bar mana, ba gawa ba."

Malam Zubairu ya ce, "Maganar mamaci ba a wasa da ita. Na yanke a mayar da tsohon lagireton."

Kubura ta miƙe tsaye ta ce, "Ba dai da hannuna ba."

Ya ce, "Zauna, ban gama ba." Ya karɓi makullin motar ya ajiye a gaban Sallau. "Tunda kai ne mai tsaron wasiyya, sai ka tsare ta dukanta. Mahaifinku ya ce kada ta kwanta. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, za ka tuƙa ta da kanka zuwa gona ka dawo. Ranar da ta tsaya maka a hanya, kai ne ka karya wasiyya, kuma ba ka da sauran magana a kanta. Ɗauki makulli."

Sallau ya dubi makullin, hannunsa bai motsa ba. Can ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba za ta kai ba. Ko a hannun Baba ba ta kaiwa. Ni ne mai tura ta."

Alƙali ya ce, "To, ka yi wa ƙanwarka shaida da bakinka. Sabon lagireto ya zauna inda yake. Tsohon kuwa naka ne, ka adana shi yadda kake so, ba wanda zai sauya masa komai."

Kubura ta ɗauki makullinta. A bakin ƙofa ta ce, "Yaya, in za ka gida ka shigo. Ba zan roƙe ka ba." Ya ce zai tafi da ƙafa. Ta tada mota ta wuce, ta bar shi yana neman inuwa.

Masu hankali suka ce, wanda ya riƙe rabin wasiyya don ya kashe ɗaya rabin, son ransa ya tsare, ba amanar mamaci ba.