Ƙugiyar da Ta Juya Addu'a

'Yan'uwa, ku yi haƙuri da tsoho. Sunan mutumin da zan ba ku labarinsa ya kuɓuce mini, haka ma sunan garin, ko da yake na tuna akwai bishiyar mangwaro a ƙofar ofishin, don a ƙarƙashinta aka ba ni kunu. Abin da ya rage a kaina shi zan faɗa.

Akwai wani mutum wanda ikkilisiyarsu ta ɗora wa amana. Shekara uku suna tattara addu'o'i da waƙoƙin dattawansu, waɗanda yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, domin a buga su littafi guda. Mutum biyar ne ke rubutawa. Shi kuwa ya kafa musu wata kwamfuta a ofishin coci, suna kiranta saba, ni dai rumbu nake ce mata. Duk wanda ya rubuta abu ko ya gyara, sai ya aika can. Rumbun kuma ba ya mantuwa, yana riƙe da sunan mai gyara, da ranar, da yadda rubutun yake kafin a taɓa shi. Mutumin yakan bugi ƙirji ya ce, "Kowace rana kuke so, zan mayar da ku can."

Ana nan sai ya sabunta rumbun, ya manta da saitin haruffa. Rumbun ya fara ƙin karɓar haruffa masu ƙugiya, wato ƙ da ɗ da ɓ. Gyaran saitin na bukatar bincike, shi kuwa yana sauri. Sai ya sa mataci a bakin rumbun, duk rubutun da ya shiga a cire masa ƙugiya, har da wanda ke ciki tun dā. Ya ce a ransa, "Daga baya na gyara."

Wata biyar suka wuce. Da lokacin kai wa maɗaba'a ya matso, ya buɗe littafin, ya ga babu ƙugiya ko ɗaya. Maimakon ya faɗa wa kowa, sai ya umarci kwamfuta ta bi kalmomi tana mayar da ƙugiya: duk inda ta ga kauna ta sa ƙauna, duk inda ta ga kare ta sa ƙare. Sa'an nan ya duba tarihin rumbun, ya ga sunansa a kan matacin, da rana da sa'a. Kunya ta kama shi. Ya share tarihin gaba ɗaya, ya bar rubutun ƙarshe kaɗai. Ya ce wa abokan aikinsa kowa ya goge kwafin rumbun da ke kwamfutarsa ya ɗauki sabo, wai gyara ake yi.

Ranar Talata da hantsi kwamiti ya zauna karatun ƙarshe. Baba Fasto ya gyara tabarau, ya ɗaga murya a kan addu'ar damina ta marigayi Dattijo Zakka:

"Ya Ubangiji, ka ƙare mu, ka ƙare 'ya'yanmu, ka ƙare gonakinmu..."

Ya tsaya cak. Wata mata ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Allah! Baba, me ka roƙa mana?"

"Abin da ke rubuce na karanta," in ji Fasto. "Zakka kariya ya roƙa. Wa ya sa masa hallaka a baki?"

Suka buɗe shafi bayan shafi, kowa baki buɗe. Inda aka ce ɗa ya dawo gida, ɗan ya ɓace, sai "da". Inda aka ce wa amarya ki riƙe alkawari, ya koma ƙi.

Fasto ya juya ga mai rumbu ya ce, "Ɗana, ai abin da sauƙi. Ba kai ka ce kana iya mayar da mu kowace rana ba? Mayar da mu ranar da addu'ar nan take daidai."

A wannan lokacin ne mutumin ya gane abin da ya yi. Hanyar da za ta tona shi, ita ce hanyar komawa, kuma da hannunsa ya tone ta.

"Baba," ya ce, "babu jiya a cikin rumbun. Na share. Sunana ne a wurin, na ji kunya."

Littattafan hannu na dattawa kuwa, gara ta cinye rabinsu tun bara.

Sai Mama Damaris, ɗaya daga cikin masu rubutun, ta yi gyaran murya. Wata shida tana ƙauye wajen jinyar ƙanwarta, jiya-jiya ta dawo.

"Wace gogewa kuma? Ni saƙonka bai same ni ba, can ko waya sai an hau dutse. Ga tsohuwar kwamfutata da kake wa dariya, wai ta girme ka."

Aka kunna ta, ta yi ta gurnani kafin ta farka. Ga tarihin nan cif, tun daga ranar farko har ranar da ta tafi. Ga addu'ar Zakka, kare ba ƙugiya. Mutumin ya rufe fuska da hannu biyu. Aikin wata biyar dai ya tafi, sai da suka sake bin sa kalma kalma, shi ne kuma ya ɗauki kaso mafi nauyi.

Ma'anar wannan misali ita ce, rumbun nan lamirinka ne, ƙugiyar kuwa ƙaramin laifin da ka ce daga baya ka gyara. Laifin farko bai hallaka littafin ba, da ya faɗa a ranar, da kafin azahar an gama. Ɓoyewa ce ta kusa hallaka shi. Wanda ya share abin da ya yi don kada a gani, ya share wurin da zai tsaya ya tuba. Kwamfutar Mama Damaris kuwa tana tuna mana cewa Allah yana riƙe da yadda ka kasance kafin ka lalace. Ba don ya kunyata ka yake riƙe da shi ba, sai don ya mayar da kai. To, kai da ke saurare, wace ƙugiya ka cire a gidanka, ko a wurin aikinka, kana jira kada a lura? Faɗe ta yau, tun hanyar komawa tana nan.

Na ce muku na manta abubuwa da yawa, amma abu guda na tabbatar. Bayan shekara biyu hanya ta sake bi da ni ta can, na roƙa aka buɗe mini tarihin rumbun. Layin farko bayan gyaran yana ɗauke da sunansa, da kalmomi huɗu: "Ni ne na ɓata." Na matso da tabarau na duba da kyau. Ƙugiyar tana nan.