Zanen Da Ya Narke A Jikin Gilashi

A gidansu Auta ake ce mata domin ita ce ƙarama, kuma tun tana yarinya kowa ya san ba ta iya jira. Idan ta ɗora tukunya, ta yi ta buɗe murfi ke nan kafin ruwa ya tafasa. Idan ana yi mata bayani, tun ba a kai rabi ba za ta ce, "Na gane, na gane." Ba ta da mugun hali, hannunta a buɗe yake. Aibinta ɗaya ne: abin da ya faɗo mata a rai shi za ta yi nan take, ba shawara, ba tambaya.

Da ta gama makaranta sai ta koma zama wurin yayarta, ma'aikaciyar jinya a asibiti. Gidan ya yi shiru tun da 'yar Yaya ɗaya tilo ta rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. Yarinyar ta bar zane-zanen furanni da tsuntsaye da ta yi da fentin ruwa irin na 'yan makaranta. Yaya ta adana su a wani kwalin takalmi a saman kabad. Takan sauko da shi ta zauna a bakin gado, ta jera su a cinya, ta daɗe tana kallo.

A gidan da ke maƙwabtaka da su akwai wata tela mai son aikin hannu. Wata rana Auta ta tarar da ita tana ƙawata kwalbar saka furanni ta gilashi. Ta yayyage takardar naɗe kyauta ƙanana-ƙanana, ta dama farin gam da ɗan ruwa, tana shafawa da burushi tana liƙa takardar, tana murje iska da ɗan yatsa. Kwalbar da ba ta da ado ko ɗaya ta koma kamar daga kanti aka sayo ta.

"Kai, ashe abin ba wuya!" in ji Auta.

"Ba wuya, amma yana son haƙuri," in ji telar. "Kuma ba kowace takarda ba ce ke jure gam. Ki fara gwada ɗan gefe tukuna, ki ga ko launin zai zauna."

"Na gane, Anti, na gane."

Auta ta yi kwalba biyu da takardar naɗe kyauta, suka yi kyau, mijin Yaya har ya yi mata ba'a cewa gidan ya samu injiniya. Wannan yabo ya hau mata kai. Sai ta tuna da kwalin takalmin. Ta ce a ranta, me zai sa zane-zanen yarinyar su yi ta zama a duhu? Idan ta liƙa su a babbar kwalbar falo, Yaya za ta riƙa ganinsu kullum, ta ji sanyi. Ta so ya zama ba-zata, don haka ba ta gaya wa kowa ba.

Da Yaya ta tafi aiki, Auta ta taka kujera ta sauko da kwalin. Ba ta ɗauki ɗaya ta gwada ba. Ta sa almakashi ta yanyanke su duka, fure daban, tsuntsu daban, ta baza a tabarma. Ta shafe kwalbar da gam, ta liƙa su da sauri, sannan ta bi samansu da burushi jiƙe sharkaf.

A gaban idonta jan fure ya fara zubowa cikin kore. Shuɗin tsuntsu ya bi burushin ya tafi. Ta ƙara gam don ta tsayar da shi, abin ya ƙara dagulewa. Ta yi ƙoƙarin ɓamɓare su, takardar da ta jiƙe ta riƙa kekkecewa tana manne mata a farce. Kafin ta ankara, jikin gilashin ya koma launin taɓo, ba a gane fure ba a gane tsuntsu.

A haka Yaya ta dawo ta same ta, durƙushe, kwalin a buɗe ba komai a ciki.

"Auta, mene ne wannan?"

"Yaya, wallahi kyauta na so in yi miki. Na ɗauka..."

"Duka?" in ji Yaya a hankali. "Ko ɗaya ba ki bar min ba?"

Yaya ta ajiye jakarta, ta tsuguna tana tsintar guntayen takarda a tabarma, tana juya kowanne ko za ta ga wani abu. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ta ko ta mare ta, da Auta ta fi samun sauƙi. Auta ta miƙa hannu za ta ɗauke kwalbar ta je ta wanke, Yaya ta riƙe mata hannu.

"Kar ki taɓa. Fentinta ne a jiki. Shi kaɗai ya rage."

Ta ɗauki kwalbar ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Auta ta ba da haƙuri har bakinta ya gaji. Mahaifiyarsu ta sa baki, Yaya ta ce ta yafe, kuma da gaske take. Amma hirar da suke yi a kicin ta mutu. Duk sanda Auta ta shigo, sai Yaya ta tuna da wani aiki a wani ɗakin. Daga baya Auta ta haɗa kayanta ta koma gidan iyayensu. Suna gaisawa ta waya, gaisuwar ba ta wuce lafiya lau. Har yau idan Auta ta ji warin farin gam, sai ta tashi ta bar wurin.

Darasin wannan labari shi ne, kyakkyawar niyya ba ta isa ta ba mutum izinin taɓa abin da ba nasa ba. Kafin ka sa hannu a abin da wani ke ji da shi, tambaye shi. Idan mai sani yana yi maka bayani, saurara har ya kai ƙarshe, kuma ka gwada kaɗan kafin ka yi duka. Kwalba idan ta lalace ana sayen wata, amma akwai abin da gaggawa ke ɓatawa wanda kuka da ban haƙuri ba sa dawo da shi.