Ban San Shi Ba

An yi wani mutum a wata ikilisiya a nan Maiduguri, a shekarun da ba a shiga sujada sai an laluba mutum a bakin ƙofa. Dillalin busasshen kifi ne a Baga Road, shi ne kuma mai karanta Nassi ran Lahadi.

Kamar yawancinmu, Hausa ba harshensa na gado ba ne. Wata Lahadi yana karanta inda Ubangiji ya ce wa manzanni su karkaɗe ƙurar ƙafafunsu, sai harshensa ya zame, ya ce kura. Da aka tashi, Dzarma, wani ɗan ƙauyensu da bai daɗe da gudowa daga kudancin Borno ba, ya tare shi cikin jama'a: "Baba, kura a ƙafa? Ai wannan ba ta karkaɗewa ba ce, ta gudu ce!" Aka bushe da dariya. Shi ma ya yi yaƙe, amma ransa ya ɓaci.

Ya 'yan'uwa, me Ubangiji Yesu ya umarta? In ɗan'uwanka ya yi maka laifi, ka je ka same shi, ku biyu kaɗai. Da ya je, da maganar ta mutu kafin shayi ya huce! Bai je ba. Rana ta faɗi yana fushi, ta kuma sake faɗuwa.

Kun tuna dokar lokacin. Baƙuwar fuska ba ta wuce shinge sai wani tsohon ɗan ikilisiya ya ce, "Na san shi." Lahadi ta zagayo, an sauya masu tsaro, katin shaidar Dzarma kuwa ya ƙone tare da gidansa. Da ya hango mutumin sai ya yi murna: "Ga babana can, garinmu ɗaya!"

Mai tsaro ya juya. "Baba, ka san shi?"

Mutumin ya ce a ransa, bari ya ɗan sha rana ya koyi ladabi. Ya buɗe baki ya ce, "Ban san shi ba."

Kalmomi huɗu! Aka jefa Dzarma a mota, aka tafi da shi bincike.

Duk da haka ƙofar tuba a buɗe take. Masu bincike sun ce wanda ya san asalinsa ya zo ya tsaya masa, mutumin nan ne kaɗai kuwa ya san mahaifansa. Amma ina zai sa fuskarsa, mai karanta Nassi ya ce ya yi ƙarya? Fasto James ya je masa shi kaɗai. Mutumin ya ce bai ji tambayar mai tsaro da kyau ba. Fasto ya koma da dattawa biyu. Ya ce ana yi masa taron dangi. Ketura matar Dzarma ta durƙusa a gabansa tana kuka: "Baba, kai ka yanka akuya ran aurenmu!" Ya kau da kai. Sa'an nan aka kai maganar gaban ikilisiya, aka dakatar da shi daga Jibin Ubangiji.

Labari ya isa kasuwa. Abokan cinikinsa Musulmi ma suka ce wanda ya yi musun ɗan garinsu, ba kwandon kifin da ba zai yi musunsa ba. Rumfarsa ta zama kango.

Bayan wata huɗu aka saki Dzarma yana ɗingishi. Kun san inda ya fara zuwa? Gidan mutumin nan, domin ya nemi gafarar ba'ar da ya yi! Mutumin yana jin muryarsa ya ce a ce ba ya nan. Ya yi niyyar neman gafarar Dzarma fa, amma sai bayan Kirsimeti, in surutu ya lafa.

Bai kai ba. Ciwon shanyewar jiki ya kayar da shi, harshensa ya ɗaure. Dzarma ne ya riƙa juya shi a kan tabarma. Mutumin yakan dube shi, leɓunansa suna motsi, hawaye na zuba, kalma ba ta fita. Haka ya rasu.

Ya 'yan'uwa, Manzo Bitrus ma ya yi musun sanin Ubangijinsa, amma zakara na cara ya fita ya yi kuka mai zafi. Ƙaramin fushin da ba a kai wa mai shi ba, shi Iblis yake kiwo. Wa kake riƙe da shi a zuci? Yana zaune a bencin bayanka? Tashi ka same shi yau, tun kana da bakin magana!

Allah ya kiyaye mu daga taurin zuciya, ya ba mu tawali'un neman sulhu, cikin sunan Yesu. Amin.