Koren Da Zdravko Ya Ɓata

Akwai wani mai haɗa abin sha a wata mashaya da ke bakin teku a garin Sozopol, sunansa Zdravko. Shekara goma sha tara yana tsaye a bayan kantar nan, makullin sito ma a wuyansa yake rataye.

Sai uwar ɗakinsa, Madam Tsvetanka, ta ɗauko wata matashiya mai suna Nevena ta riƙa kama masa aiki. Nevena ta zo da haɗinta: koriyar barasar kankanar shammam, ruwan abarba da ƙanƙara. Ran farko ta miƙa masa ya ɗanɗana, ya yatsine fuska.

"Wannan ai maganin tarin yara ne. Ko lemon tsami ba ki iya matsawa ba?"

"Na gode, Kawu," in ji ta. Ta matsa lemon.

Kafin wata guda, layi ya koma ɓangarenta. Har tsofaffin masuntan da ba su san komai ba sai barasarsu ta gargajiya da ake kira rakiya, sai ka ji suna cewa, "'Yar nan, ba mu koren nan naki." Zdravko yana gefe yana goge kofin da ya riga ya goge sau uku. Wallahi abin yana cin sa. Ko dariya ta yi da baƙi, gani yake da shi take.

Ana haka Madam ta ce ranar Asabar da rana za ta zo ta ɗanɗana koren, ta kuma faɗi wanda zai shugabanci kanta a bana. Zdravko ya ce a ransa, shi ke nan, za a karɓe masa makulli a ba yarinyar jiya.

Da safiyar Asabar ya riga kowa zuwa. Ya buɗe sito, ya juye kwalbar shammam ta Nevena a magudana, ya ɗura mata barasar na'ana'a, wadda ita ma koriya ce shar. Ido ba zai taɓa bambance su ba.

Madam ta iso da wata takarda a hannu, ta zauna. Nevena ta haɗa, ta girgiza, ta zuba. Kamar yadda masu sana'ar ke yi, ta tsoma tsinken zuƙa, ta toshe samansa da yatsa, ta ɗiga a harshenta. Sai ta tsaya cak. Ta kalli Zdravko sau ɗaya, ta janye kofin.

"Madam, bari in sake, na yi kuskure."

"Miƙo kwalbar," in ji Madam. Ta shinshina, ta ajiye. "Na'ana'a ce. Ke kika zuba?"

"Wataƙila na ruɗe jiya."

"Kada ki raina mini hankali. Ke ba ki da makullin sito."

Madam ta juya ta kalli Zdravko. Ta tura masa takardar da ta zo da ita.

"Karanta, tsoho."

Sabon jerin abin sha ne, jiya aka bugo shi. A layin farko an rubuta: Koren Zdravko.

"Ita ta nace a sa sunanka," in ji Madam. "Ta ce lemon tsamin da ka faɗa mata shi ya gyara haɗin. Sau biyu tana roƙona kada in taɓa matsayinka, wai tana son ta koyi aiki a hannunka. Abin da na zo faɗa ke nan yau."

Kunya ta rufe shi.

"Madam, ki yi haƙuri, ki bar shi," in ji Nevena. "Shekara goma sha tara fa."

"Na ji ki. Amma ba zan bar wa wanda yake canja abin da ke cikin kwalba mashayata ba. Zdravko, makulli."

Ya cire shi daga wuyansa ya ajiye a kan kanta. Da zai fita, Nevena ta bi shi har bakin ƙofa.

"Kawu, da ka tambaye ni, ai da na gaya maka."

Bai iya ɗago kai ya kalle ta ba.

Darasi: Hassada tana sa mutum ya ga maƙiyi a inda masoyi yake tsaye, har ya rushe alherin da ake shirya masa da hannunsa. Idan ci gaban wani yana ƙona maka rai, je ka yi magana da shi kafin ka yi abin da ba ya gyaruwa. Ku tura wa abokan aikinku, wataƙila akwai wanda yake bukatar jin wannan a yau.